Harafin da ba ya cikin allonmu

Yayana makaɗi ne. Da kalangu ya fara, amma a shekarunsa na ƙarshe ya koma fiyano mai aiki da batir, irin wadda ke riƙe kiɗa a cikinta. Da ita yake yawon biki daga Kebbe zuwa Fakku, a ɗaure bayan babur. Wata rana ina zaune kusa da shi ya nuna mini maɓallai biyu da ke manne da juna, launinsu ɗaya, girmansu ɗaya.

"Mai P shi ka maido kiɗin da ag ciki," in ji shi. "Mai R shi ka shafe shi, ya ɗauki sabo."

Na ce to. A lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba, kuma kunya ta hana ni tambaya.

Da Allah ya yi masa rasuwa, aka ba ni fiyanon na kawo Tambuwal. Na san akwai kiɗi ɗaya a ciki, wanda ya ɗauka da hannunsa kafin ciwo ya kwantar da shi, kuma ba a ɗauke shi a waya ko kaset ba. Idan yatsa ya sauka a kan maɓallin da ba shi ba, ya tafi ke nan. Masu karatu suna da yawa a unguwarmu, sai dai na ga yadda suke latsa abu kafin su duba. Na naɗe ta da zane na ɗora a kan randa marar ruwa, na ce ni zan kunna ta.

Na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da shekara arba'in da bakwai. Bayan la'asar muke zama, mu goma sha wani abu, yawancinmu da ƙasar gona a ƙafa. Muka bi haruffa ɗaya bayan ɗaya. Na kama R da wuri, domin da ita ake rubuta rago da rani. Ina ta jiran ɗayar, har muka kai Z ba ta zo ba.

"Malam, an tsallake wani," na ce.

"Wanne, Baba?"

"P."

Ya yi dariya, ya ce wannan baƙo ne, Hausa ba ta aiki da shi. Ya zana mini shi a gefen allo, ya zana R kusa. Ashe kansu ɗaya ne, ƙafa ce ta raba su: P tana tsaye da ƙafa ɗaya, R ta miƙa ta biyu gaba. Sati uku ina zana su a ƙasa da tsinke, ina sa matata ta rufe ɗaya in faɗi wadda ta rage.

Ranar wata kasuwa na ɗaura fiyanon a babur na nufi Kebbe, wurin matar yayana. Ita ce ta fi kowa haƙƙin ji. Na same ta tana sussukar gero a tsakar gida.

"A'a, ɗan boko ya iso!" ta ce. "Furfura ta gama fitowa sannan munka shiga aji ɗaya."

"Aji ɗayan nan shi ya kawo miki saƙo, uwargida. Ba ni tabarma."

"In ka ɓata mini kiɗin miji, kai da fura a gidanga har abada."

Na sa sababbin batura, fitilar ta kama. Haruffan ƙanana ne ƙwarai, sai da na juya ta wajen rana. Na hagu yana da ƙafa biyu. Na dama ƙafa ɗaya. Na sake dubawa, na yi bisimilla, na danna na dama.

Kiɗin ya tashi, taken manoma ne da yake yi a wurin gayya. Ta ajiye taɓarya. Can wajen tsakiya kiɗin ya yi tuntuɓe, ya tsaya kamar numfashi biyu, sannan ya ci gaba. Na ɗauka na ɓata wani abu, na janye hannu da sauri.

"Ba kai ba ne," ta ce, tana share ido da bakin zane tana dariya. "Ni ce. Nan niƙ ƙwala mai kira ya zo ya kama akuya, ta shiga rumbu. Ya yini yana yi mini faɗa."

Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni.

"To, malam mai karatu. Maido shi daga farko."