Kwalbar Jamus da Na Kai wa Inna

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da maigidana, da wata doguwar koriyar kwalba da na naɗe a zani na cusa ƙasan jaka. Autarmu da ke aikin jinya a Jamus ce ta aiko da ita, da ta ji Inna, mahaifiyarmu, ta daina cin abinci. Ta ce farin ruwan inabi ne, irin inabin da Jamusawa ke yin giyarsu da shi, amma wannan matse shi kawai aka yi, ba a bari ya zama giya ba. Har rantsuwa ta yi min. To amma duk wanda ya ga kwalbar nan giya zai ce, rubutun jikinta kuma ban iya karanta ko kalma ɗaya ba.

Tsorona kada in tarar da Inna a gargara, abin ƙarshe da zai shiga bakinta kuma ya zama haram, da hannuna.

Muna wuce Gezawa gero ya rufe hagu da dama, gona manne da gona, ba inda za ka sa ƙafa ba ka taka shukar wani ba. Kuɗin mota ya hau, ramukan bara kuwa suna nan har sun yi 'ya'ya. Duk wanda muka faɗa sai in dafe jaka. Da masu bincike suka leƙo motar, gumi ya jiƙa min mayafi, alhali ko kallona ba su yi ba. A Zakirai na sayi soyayyen kifi da yaji, don autar ta ce da kifi ake shan abin, sannan muka hau acaɓa zuwa ƙauye.

Na tarar da Inna ta rame, idanu sun faɗa, kokon safe ya huce a gefenta. Ina warware zani Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta rafka salati.

"'Yar nan, a gidan nan?"

Na ce, "Gwaggo, ni zan fara sha. In da laifi, ya tsaya a kaina."

Muka tsoma kwalbar a randa ta yi sanyi, na kurɓa. Tsami ne ya fara zuwa, irin na mangwaron da bai gama nuna ba, sai zaƙi ya biyo baya a hankali. Na haɗa da kifin, sai ya wanke min maiƙo ya kwantar da yaji. Da dambun zogale ma ya tafi daidai. Daɗin nan da na ji ya ƙara tsorata ni.

Daga azahar har la'asar matan gida na zagaye da ni suna jiran in fara tangaɗi. Gwaggo ta sa na taka zuwa rumbu na dawo, ta sa na biya Fatiha. Ko hamma na yi sai gabana ya faɗi.

Can Inna ta ɗago da ƙyar. "Ku ƙyale min yarinya haka. Miƙo in ji abin da autata ta aiko."

Ta kurɓa, ta yamutsa fuska. "Kai, tsami! Ba ni kifin nan in kashe shi." Ta ci tsoka guda, ta sake kurɓa, ta ce a matso da dambun. Na zaga bayan rumbu na yi kukana.

Washegari muka kamo hanya jaka ba nauyi, don Inna ta hana a taɓa kwalbar, ta ajiye ta a gefen filonta babu komai a ciki. A tafiyar nan na gane ba tsamin ne ya buɗe mata baki ba, kewar autarta ce ta rufe shi tun farko.

Muna shiga gida waya ta yi ƙara, na ga Gwaggo ce. Da ƙyar na ɗauka.

"Innarki ta ce ki tambayi yarinyar nan ko akwai saura. In akwai kuma, ta kawo da kanta."