Sirdi Babu Mahayi

Dokin ya riga mahaifina isowa Ƙaura da kwana biyu. Ƙanena ne ya jawo shi daga Gurbin Bore, ya biyo ayarin masu zuwa kasuwa, domin a lokacin an fara kwashe dabbobi a ƙauyukan da ke kewaye, babu mai kwana da tabbacin zai wayi gari ya tarar da abin da ya ɗaure. Baƙin doki ne, irin wanda ake kira akawal, da ɗan farin tabo a goshi. Muka kafa masa turke a bayan gidana, gindin darbejiya, inda matata ke shanya. Da mahaifina ya iso bai tambayi ɗakin da aka gyara masa ba. Sai da ya zagaya ya ɗaga kofaton dokin ɗaya bayan ɗaya ya duba, sannan ya nemi ruwan alwala.

Gwiwoyinsa sun riga sun hana shi hawa. Gonarsa da rumbunansa da zauren da ya yi shekaru yana zama a ciki duk sun tsaya can. Cikin dukiyarsa, abu mai rai da ya iya fitarwa shi ne wannan doki. Ƙanena ya koma Zurmi wajen iyalinsa, kula da dokin ta faɗo kaina, ni da rabona da taka likkafa tun ina makarantar sakandare.

Watanni kaɗan kafin wannan, likita ya auna ni ya ce jinina ya hau fiye da yadda magani kaɗai zai riƙe. Na yi shekaru ina aikin zama a gaban makirfo a gidan rediyo, daga baya na koma koyarwa, shi ma ba wani motsi. Ya ce in rage gishiri, in riƙa gudu kowace safiya, minti arba'in, har gumi ya jiƙa riga. Na sayi takalmi, na fara. Ina bin gefen tsohon layin dogo in fita bayan gari kaɗan, in juyo. Har na fara jin sauƙin ciwon kan da ke kama ni da azahar.

Lokacin da nake da shi kaɗan ne. Kafin gari ya waye sosai, yadda za a iya gane fuskar mai tahowa, 'yan sintiri ba sa son ganin kowa a bakin gari. Ƙarfe takwas kuma dole in kasance a aji. Da yamma ba a maganar fita, domin daga la'asar kowa cikin gari yake fuskanta, masu gona ma da sauri suke dawowa. Abin da ya rage a tsakani awa ɗaya ce da 'yan mintoci. Doki kuwa yana son kilisa kullum, a fita da shi ya miƙe ƙafa ya yi zufa, a dawo a goge shi, a bar shi ya huce kafin a ba shi ruwa. Wannan ma awa ɗaya ce.

Mahaifina yakan shimfiɗa buzunsa yana fuskantar turken tun bayan sallar asuba. Da na fito mun gaisa, tambayarsa ɗaya ce.

"An yi kilisa?"

"Baba, yau ranar guduna ce."

"Wa ka korar ka?"

"Likita."

"To ka ce mai shi zo shi duba dokin ga. Shi ma jini garai."

Ya ja carbinsa, sannan ya ƙara da cewa, "Ni tun da niy yi gemu sau biyu niy yi gudu. Ran da wuta tak kama rumbu, da ran da munka baro gida. Kai ko da ƙoshinka ka tashi kana gudu, ba hula."

Na gwada raba kwanakin, yau gudu gobe hawa. Dokin da ke cin dawa da dusa da harawa bai yarda da wannan lissafi ba. Duk ranar da ya wuni a ɗaure, washegari sai ya riƙa fizgar linzami yana tafiya a karkace, hannuwana su yi tsami kafin mu kai layin dogo. Awon jinina kuma ya tsaya cak. Na gaya wa likita cewa ai hawan doki ma motsa jiki ne. Ya yi dariya ya ce, "Malam, dokin ne ke motsa jiki. Kai fasinja ne."

A nan ne dabarar ta zo mini, kuma na yi murna da ita fiye da yadda ta cancanta. Zan riƙe ragamarsa in yi gudu, shi ya biyo ni da sassarfa a gefe. Awa ɗaya, aiki biyu.

Safiyar farko na kwance shi da ragama kawai na nufi ƙofa. Mahaifina ya ɗaga sandarsa ya tare hanya.

"Ina za ka da shi haka?"

"Ba hawa zan yi ba, Baba. Ja zan yi."

"Jaki na? Dokin gidanmu bai hita tsirara. Ko shan ruwa za shi, da sirdinai shika zuwa. Ɗaura mai."

Na ce sirdin nauyi ne kawai, kuma ɗaura shi zai ci mini minti goma. Ya ce ubansa bai taɓa fitar da doki a tuɓe ba, shi ma bai yi ba, ba kuma za a fara a gaban idonsa ba don an zo birni. Na koma na ɗauko sirdin na ɗaura, na ja majayi na tamke. Ban ga wata illa a ciki ba sai ɓata lokaci.

Kwana uku abin ya tafi daidai. Dokin ya koyi takuna, numfashinsa a kafaɗata, likkafu biyu suna lilo suna bugun cikinsa. Mutanen da ke bin layin dogo sun san ni, iyakarsu su ce, "Malam, doki ya hau ka ne yau?" Mukan dawo dukanmu a jiƙe. Mahaifina ya shafa wuyan dokin ya duba tafin hannunsa, ya koma kan buzunsa babu ƙorafi, wanda a wajensa yabo ne.

A rana ta huɗu an kwana ana ruwa, hanyar ta cika da taɓo, sai na ratse ta cikin gonaki don in shigo gari ta wata unguwa. Tsakiyar damina ce, gero ya fi tsayin mutum. Na makara, don haka na ƙara sauri. Unguwar da na ɓullo kuwa ita ce wadda mutanen da suka tsero daga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi suka yi sansani, a kangaye da gidajen da ba a gama ginawa ba. Babu wanda ya san ni a cikinsu. Abin da suka gani shi ne magidanci ya faso daga cikin gero a guje, kai babu hula, yana jan doki da sirdi babu mahayi.

Wata mata ce ta fara kurma ihu. "Sun taho!" Kafin in ja ragamar in tsaya, layin ya yamutse. Mata suka suri yara, wasu suka bar bokitai a bakin famfo, wani mutum ya haura katanga da zane ɗaya. Dokin ya tsorata da ihun ya miƙe da ƙafafun baya, wannan ya ƙara tabbatar musu. Na ɗaga hannu ina cewa lafiya lau, motsa jiki ne kawai. Numfashina a sarƙe yake, ko ni ban ji abin da nake faɗa ba. Wata tsohuwa mai sayar da koko a bakin hanya ta yunƙura za ta gudu, ta yi tuntuɓe da tukunyarta. Kokon ya kwarare mata a ƙafa, ta dafa ƙasa da hannu, wuyan hannun ya karye. 'Yan sintiri suka iso da bindigoginsu na gargajiya. Allah ya sa ɗaya daga cikinsu tsohon ɗalibina ne.

Da hantsi aka tara mu a ƙofar mai unguwa. Ban je aji ba ranar. Mai unguwa ya dube ni ya ce, "Malam, kai da ka daɗe kana karanta muna labarun duniya, ba ka san labarin bakin ƙofarka ba?"

Na yi bayani dalla-dalla, da maganar likita da ta awa ɗaya. Suka saurara har na gama. Sai wani dattijo daga cikin baƙin ya ce, ba da faɗa ba, "Dokin yayana haka yad dawo gida bara. Da sirdi, ba shi. Har yau ba mu san inda anka kai shi ba."

Aka yanke cewa ba zan ƙara gudu a bayan gari ko cikin unguwa ba, da doki ko babu. In gudu nake so, ga filin makarantar firamare mai katanga. In doki ne, in hau bayansa kamar kowa. Shugaban makarantar da na je wajensa ya ce ni zan iya shiga, amma doki ba zai taka filin da yara ke wasa ba.

Da yamma mahaifina ya ce in kai shi wajen tsohuwar. Ya taka da sandarsa, yana tsayawa yana hutawa, ya ƙi hawa babur. Muka tarar an ɗora mata hannun, an shafa magani a ƙafar. Ya zauna a bakin tabarmarta ya ce, "Ki yahe muna. Ba laihin yaron ga ba na. Ni nic ce a ɗaura sirdin." Ta ce babu komai, ƙaddara ce. Yaron da yake nufi ya haura shekara hamsin.

Daga nan na ajiye takalmin, na koma hawa kullum. Dokin ya yi kyau, gashinsa yana sheƙi. Ciwon kan ya dawo, da wani nauyi a ƙeya. Wata safiya muna dawowa, idona ya yi duhu a kan sirdi. Dokin ne ya kawo ni gida da kansa. Na sauko na rungumi turken na daɗe a tsaye, ina jiran ƙasa ta daina juyawa. Da na buɗe ido, mahaifina yana kallona, carbin ya tsaya a hannunsa.

Likita bai yi dariya ba wannan karon. Ya ƙara magani, ya ce hawa ma in dakatar, domin wanda jiri ke ɗiba ba shi da aiki a bayan doki. Na koma filin makaranta ina zagaye katanga. Muka nemi wanda zai riƙa yi mana kilisa. Waɗanda suka iya doki a cikin sanina, wasu sun tsufa, wasu sun bar yankin, sauran sun koma kabu-kabu. Mutum ɗaya ya gwada, ya dawo da dokin da jini a gefen baki saboda nauyin hannunsa a linzami. Mahaifina ya sallame shi da godiya, ya ce kada ya ƙara zuwa.

Dokin ya yi mako biyu a ɗaure. Ƙafafunsa na baya suka kumbura daga ƙasa. Ya haƙa rami a gindin turken da kofato, ya ɓare ɓawon darbejiyar iya inda bakinsa ya kai. Ina dawowa daga gudu in zagaya da shi cikin tsakar gida sau 'yan kaɗan, matata tana janye turmi da tukwane daga hanya. Dukanmu mun san wannan ba kilisa ba ce. Mahaifina ya daina tambaya. Na fi son a ce yana tambayar.

Shi ya yanke maganar, bai shawarci kowa ba. Ya sa na kira masa ɗan ƙanwarsa da ke Katuru a waya. Wannan ya san wani mai kiwon dawaki a tsallaken iyaka, cikin Nijar, inda har yanzu ake samun fili. Can za a kai dokin. Na ce, "Baba, a ƙara haƙuri, wataƙila hanya ta yi kyau bayan kaka."

Ya ce, "Doki ana samun wani. Kai ɗaya ka riƙe da gidan ga."

Ranar kasuwar Shinkafi motar dabbobi ta tsaya a bakin titi da sassafe, tazarar layi uku daga gidana. Na goge dokin, na ɗauko sirdin na aza masa kamar yadda aka koya mini, na miƙa hannu zan ja majayi.

"Sauke mai," in ji mahaifina.

Na tsaya ina dubansa.

"Sauke. Ja za ka yi har titi. Kar a sake tada hankalin mutane."

Na sauke. Na ja dokin da ragama kawai, a hankali, da hula a kaina, ina gaisawa da duk wanda muka gamu da shi tun daga nesa. Mahaifina bai biyo mu ba. Da na dawo na tarar ya jawo sirdin kusa da buzunsa yana goge likkafun da bakin rigarsa.

Yanzu awar tawa ce gaba ɗaya. Ina zagaye filin makaranta har gumi ya jiƙa riga. Awon da aka yi mini na ƙarshe ya sauko, likita ya ce in ci gaba da duk abin da nake yi. Matata ta so a tuge turken ta samu wurin shanya, na ce a bari tukuna. Mahaifina yana nan yana shimfiɗa buzunsa a inda ya saba. Idan na shigo a jiƙe mukan gaisa, ya dubi takalmina, ya ce, "Sannu da aiki." Sai in wuce in yi wanka.