Kitson Gwaggo Kande

Bana shekara arba'in ke nan, in ban yi kuskure ba, da rasuwar ƙanwar mahaifina, Gwaggo Kande, makitsiyar ƙauyenmu da ke tsakanin Dungas da Magariya. Abin da zan faɗa ya faru ne a shekarun farin nan na saba'in, kuma nakan kasa rabe abin da na gani da wanda na yi mafarkinsa.

Ina dai tuna inuwar gawo, da ƙamshin man shanu, da kaina bisa cinyarta. Ba ta kallon idon wadda take wa kitso. Sai ta riƙa ambaton mutanen kasuwa ɗaya-ɗaya, kamar hira, yatsunta na sauraren wuya.

Ran nan ta ambaci wani mai awon gyaɗa, abokin babana, wanda nake kai wa fura ranar kasuwar Magariya. Wuyana ya sandare.

"Ɗiyata, wuyanki ya faɗa mini rabi. Ƙarasa."

Na ce yanzu yakan sa in shigar da furar cikin shago, ya tura ƙyaure, har ya taɓa riƙe mini hannu sai da na fizge. Tsorona kar a ce ni na ja.

Wata maƙwabciya da ke jiran nata kitson ta ce, "To, in ɓera da sata, daddawa ma da wari."

"Daddawa ba ta da ƙafa, Yaya," in ji Gwaggo. "Mu muke aiken ta."

Kasuwa ta gaba Gwaggo da kanta ta ɗauki ƙwaryar furar. Ta tsaya bakin shagon, ta ɗaga murya ta ce mai son fura ya fito rana ya saya. Daga nan 'yan matan unguwarmu suka koma talla bibbiyu, ba mai tsallake bakin ƙofa.

A jami'a na karanci halayyar ɗan'adam. Gwargwadon fahimtata, masu bincike kan cin zarafin mata na ganin haɗarin ya fi zuwa daga wanda aka sani, kuma mace takan yi shiru in tana zaton ba za a gaskata ta ba. Ba zan ce Gwaggo ta san wannan duka ba. Nakan dai tambayi kaina me za ta ce da shagunan kitso na yau, inda madubi ke gaban yarinya. Anya bakinta zai buɗe tana kallon fuskarta?

Waɗanda suka taɓa kwantar da kai bisa cinyar nan, don Allah ku aiko da gyara. Wataƙila bishiyar ba gawo ba ce. Amma cewa ta gaskata ni tun ban rufe baki ba, wannan kam ba na neman gyaransa. Allah Ya jiƙan ta.