Barkonon Bayan Gida

A ƙauyenmu da ke gaɓar kogin Berbice, duk wanda ya ci jarrabawar shiga sakandare, in ka bincika, ya taɓa zama a ƙarƙashin gidan Malama Ismay Benn. Gidan katako ne a kan dogayen ginshiƙai kamar na kowa, sai dai inda wasu ke rataye ragar lilo su sha iska, ita bencuna ta jera. Tun da ta yi ritaya daga firamare take koyarwa a nan, kaji na ratsawa ta tsakanin ƙafafun yara.

A jarrabawar akan ba yaro ɗan labari ya karanta, sannan a yi masa tambayoyi a kai. Malama ba ta karɓar amsa sai da shaida. Ko daidai ka faɗa, sai ta ce, "Na ji. Nuna mini layin da ya ce haka." In ka fara kame-kame ta harare ka ta saman tabarau. "Mai duba takardarka a can babban birni Georgetown bai san kakarka ba, balle abin da ke ranka. Abin da ke kan takarda ya sani." Marigayi mijinta, Cuthbert, yakan ce ko hadari ya gani ya ce za a yi ruwa, sai ta nemi layi.

A cikin ɗalibanta na bara akwai Odessa, jikar mai sayar da kifi. Uwarta ta tafi aikatau tsibirin Barbados. Da fari tana aiko da kaya, daga baya aike ya tsaya, waya ma ta tsaya. Yarinyar akwai kaifin kai, amma da zuciya take amsa tambaya, maki na ta zubewa. Jarrabawa ta matso, Malama kuwa ta ƙwallafa rai a kan ta samu sakandaren garin New Amsterdam.

Wata Asabar ta raba musu wata tsohuwar takardar jarrabawa. Sai da ta gama rabawa ta tuna abin da ke ciki. Labarin wata mata ce da ta bar ɗanta wurin dangi ta hau jirgin ruwa. Tambayar ita ce: kana ganin za ta dawo? Kawo dalili daga labarin. Malama ta daɗe da sanin amsar: ba za ta dawo ba, tunda har gadonta da tukwanenta ta sayar.

Odessa ta rubuta, "Za ta dawo."

Da aka tashi Malama ta tsayar da ita, ta miƙa mata alewar tsamiya. Tausayi ya cika ta, amma ta san in ta kau da kai yau, masu jarrabawa ba za su kau da nasu ba.

"'Yata, ba abin da muke so ake tambayarmu ba. Ina layin?"

Odessa ta jawo takardar. "Ga shi, Malama. Ya ce da safen da za ta tafi ta shuka barkono a bayan gida. Wa ke shuka barkono in ba zai dawo ya tsinka ba?"

Malama ta gyara tabarau. Layin na nan kuwa. Shekara da shekaru tana wuce shi, ta ɗauka adon labari ne kawai. Ta ba yarinyar cikakken maki cikin jin daɗi.

"Yau kin yi mini. Haka nake so ki yi ranar jarrabawa." Sai bakinta ya suɓuce, tun kafin ta yi tunani. "Mamarki fa, ta shuka wani abu?"

Odessa ta juya alewar a hannunta.

"Na duba bayan gida, Malama, babu. Na duba gefen kwalbati ma. Amma akwai wajen bishiyar mangwaro, ciyawa ta yi yawa, ban gama dubawa ba tukuna."