Wanda Ya Buge Tukuna

Tela ne, shagonsa yana kallon ƙofar gidana, kuma benci ɗaya muka zauna a makarantar mishan tun muna rubutu a allon dutse. A can ya samu sunan Tukuna. Duk abin da malami ya faɗa, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Tukuna, Malam, wa ya gani?" Ya sha bulala a kan wannan kalma, bai bar ta ba. Da ya girma haka ya riƙe sana'arsa. Ka kawo masa yadi ka ce kamu biyar ne, sai ya warware shi a gabanka ya auna. Ko ni, da na yi aikin koyarwa har na yi ritaya, bai taɓa yarda da agogona ba.

A zamaninmu titin nan kekuna ne ke bin sa, mota in ta zo tun daga nesa ake jin ta. Yanzu an faɗaɗa shi, ya zama filin tsere. Wata ranar Talata da hantsi Tukuna ya tsallaka sayen zare, sai ga motoci biyu suna rige-rige, ta baya tana danna hon ba ƙaƙƙautawa. Ta fita hannunta don ta sha gaban ɗayar, ta kwashe shi, ta wuce ba ta tsaya ba. Gilashinta mai duhu ne, ba wanda ya ga fuskar matuƙin. Ƙafar dama ta karye wuri biyu, ita ce kuwa ƙafar da yake taka keken ɗinki da ita.

Kafin la'asar wani dattijo ya kai motar ofishin 'yan sanda da kansa, ya ce shi ne direba, tsoro ne ya sa ya gudu. Motar ta wani ɗan kwangila ce, shi kuma ya daɗe yana yi masa tuƙi. Daga ranar dattijon nan bai fasa zuwa asibiti ba. Ya zo da abinci, ya gyara matashin kai, ya zauna a bakin gado yana sunkuyar da kai.

"Mutumin kirki ne," in ji matar Tukuna. "Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa."

"Tukuna," in ji shi. "Maigidansa fa? Ko sau ɗaya kin ga ƙeyarsa?"

"Kai dai ko zuma aka ba ka sai ka nemi ƙudan da ya yi ta."

Ranar da aka sallame shi, ya ƙi motar haya, ya ce direban ne zai kai shi gida, shi kuwa ya aro mota ya zo. Ni na zauna a baya riƙe da sandunansa. Dattijon ya tuƙa mu kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Masu babur suka yi ta shiga gabansa, wata babbar mota ta matse shi har gefen kwalbati, sai ya rage gudu ya ba su hanya. Na lura hannunsa bai kusanci hon ba har muka iso.

Da dattijon ya tafi, Tukuna ya jawo hannun rigata.

"Malam, wannan ne ya buge ni?"

"Shi ya ce."

"Na ji shi ya ce. Mai kwangilar nan yana da ɗa?"

Yana da shi. Saurayi ne da bai isa karɓar lasisi ba, kuma a makon da abin ya faru aka tura shi karatu wani gari.

Muka je wurin lauyan da ke bin masa diyya. Lauya ya saurara, ya cire tabarau ya ajiye.

"Baba, bari in faɗa maka yadda abin yake. In direba mai lasisi ne ya yi ganganci, kotu za ta hukunta shi, kamfanin inshora ya biya ka. In ka ce yaro ne marar lasisi, kamfani zai nemi hanyar zamewa, mu koma shari'a da uban, shi kuwa yana da lauyoyin da za su ja ta har ka gaji. Ka ga yaron da idonka?"

"Ban gan shi ba."

"To, me kake da shi?"

"Na zauna a motar dattijon."

A gida matarsa ta ce, "Shago a rufe, ƙafa ba ta taka keke, kai kuma kana neman tono. Shi da bakinsa ya amsa. Kai ne ubansa?"

Washegari da direban ya zo gaisuwa, Tukuna ya sa aka ba su wuri, ni kaɗai ya bari.

"Yaya, me aka yi maka alkawari?"

"Ba komai."

"Gidan yari ne fa, kuma za a karɓe lasisinka. A shekarunka wa zai sake ba ka sitiyari?"

Dattijon ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa. "Ina da 'ya'ya a makaranta," ya ce. "Ka bar maganar nan, don Allah. Ni na buge ka."

Ranar shari'a na raka Tukuna kotu. Da alƙali ya tambaye shi abin da ya gani, ya faɗi tseren, ya faɗi hon, sannan ya dafa sandarsa ya ƙara da cewa, "Ranka ya daɗe, ban ga fuska ba, amma zuciyata ba ta ba ni wannan mutumin ba ne." Lauyansa ya runtse ido. Alƙali ya rubuta, ya juya ga wanda ake tuhuma ya sake tambayarsa, a hankali, ko akwai wanda ya tilasta masa. Dattijon ya ce babu. Alƙali ya ce kotu ba ta aiki da zato. Aka yanke masa ɗaurin watanni saboda tuƙin ganganci da gudu bayan haɗari, aka soke lasisinsa. Kamfanin inshora ya ji maganar Tukuna, ya buɗe nasa binciken, diyyar ta yi jinkiri har matarsa ta sayar da awarwaronta. Daga baya dai aka biya, Tukuna ya sayi keken ɗinki mai aiki da lantarki.

Da direban ya fito, ɗan kwangila ya riga ya ɗauki wani. Tukuna ya aika aka kira shi, ya ba shi kujera a shago, yana sa maɓalli yana guga. Ina jin su daga ƙofata. Wani lokaci ana cikin aiki sai keken ya tsaya.

"Yaya, wa ya buge ni?"

"Ni ne. Miƙo min almakashi."

Shekaru suka yi a haka. Dattijon ya riga shi rasuwa, bai taɓa canza amsarsa ba.