Takalmin Hagu na Arzika Wanzami

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke tsakanin Nasarawa Burkullu da Bukkuyum a wancan zamani ya san sawun Arzika Wanzami. Na dama siriri, na hagu mai faɗi, ya ɗan karkace waje. Mata in sun fita ɗibar ruwa da safe sukan dubi ƙasa su ce, to, wanzami ya shigo, a shirya jariri. Mahaifina ne. Ni ne ɗansa na fari, sunana Haladu, kuma ni na ɓatar da sawun nan daga kan hanya.

Tun yana saurayi ya faɗo daga kan rumbu, idon sawunsa na hagu ya goce. An ɗora, ƙafa ta warke, amma ta warke da kumburinta. Shi ya sa mutum ɗaya ke yi masa takalmi, Namadi baduku. Namadi ba ya awo da safe. Sai da la'asar, bayan Baba ya gama yawon aski da ƙaho, ƙafa ta buɗe iya buɗewarta, sannan zai sa shi ya taka fata ya zana kowace ƙafa daban. Ƙasan takalmin na taya ne mai kaushi don kada ya zame a laka, ga maɗauri mai faɗi da ke riƙe idon sawun ta baya. Muni kam ba a magana. Amma da irinsa Baba ya yi shekara ashirin da wani abu yana zagaya ƙauye bakwai da zabira a kafaɗa. Ranar da bai fita zagaye ba, ko tuwo ba ya yi masa daɗi.

A 1979 na sami aiki a masaƙa a Gusau, kaina ya kumbura. Na ce wallahi ubana ba zai je Idi da tayar mota a ƙafa ba. To, tambayarsa awon ƙafarsa ba ta yiwuwa. Kunyar ɗan fari ce tsakaninmu: bai taɓa kiran sunana ba, in zai yi mini magana ta bakin Inna yake bi. Sai na roƙi Inna ta auno mini. Ta bari ya kishingiɗa bayan azahar, ta gwada karan dawa a tafin ƙafarsa ta yanke daidai. Ƙafar dama ce ta fi kusa da ita.

Da karan nan na shiga kanti na zaɓo baƙin takalmi sau-ciki, mai sheƙi, ƙasansa sumul, da ɗan tudu a dunduniya. Da na zo gida Namadi ya gan shi a hannuna, ya karɓa ya juya shi.

Ya ce, "Haladu, wannan na masu zaman ofis ne. Kara tsawo yake aunawa, ba ya auna faɗi. Kuma wace ƙafa aka auna?"

Na ce masa baƙin ciki ne kawai yake yi don ya ga an bar sana'arsa. Dattijo sa'an ubana na faɗa wa haka. Ban tsaya nan ba, na ɗauki tsohon takalmin Baba na wurga a kududdufi, don kada ya koma masa.

Baba ya sa sabon a gaban jama'a ranar Sallah, ya taka a hankali har filin Idi. Da ya dawo ya dubi Inna ya ce, "Ce ma wannan Allah shi yi mai albarka." Na koma Gusau ina jin babu ɗa kamata.

Sallar ta faɗo tsakiyar damina. Da Baba ya so, da ya je wurin Namadi ya yi masa wani. Amma gari duk ya ga kyautar ɗansa, cire ta kunyata ni ne a bainar jama'a, kuma bakinsa ba zai iya ce mini ta matse shi ba. Haka ya ci gaba da zagaye da takalmin. A mako na uku, zai je askin suna, yana gangara rafi takalmin ya zame, idon sawun ya sake gocewa a inda ya goce da. Da aka cire, ashe gefen ƙafar ya riga ya zama gyambo. A asibitin Anka aka samu gyambon ya rufe bayan watanni, amma tafiyar nesa ta ƙare.

Shekara tara ya yi a zaure. Masu son aski na kusa suna zuwa, jariran ƙauyuka kuwa wani wanzami ya gaje su. In baƙo ya zo, Baba sai ya riƙa tambayarsa hanya: tsamiyar nan ta mararraba tana nan? An gyara mashigin rafi? Ni kuwa aka ce mini santsin damina ne, na yarda, domin yardar ta fi mini sauƙi. Duk Juma'ar da na zo gida sai in tarar da shi zaune da baƙin takalmin a ƙafa, an goge shi tas. Ni wawa har daɗi nake ji.

Ya rasu a 1988. Bayan sadakar bakwai Inna ta kira ni ɗaki ta miƙo mini takalmin hagu. An tsaga shi da aska ta gefen ciki, inda ido ba ya kaiwa, tsaga mai kyau irin ta hannun wanzami. An cusa auduga a ciki, ta yi baƙi ta ƙandare.

Inna ta ce, "Tun washegarin Sallah ya tsaga shi. Na ce bari in gaya maka, ya ce in na gaya maka bai yafe ba. In ya ji za ka zo, sai ya sa in taya shi tura ƙafar."

Na zura hannuna a ciki, yatsuna huɗu suka fito ta tsagar. Shekara tara ina durƙusawa a gabansa ina gaisuwa, takalmin nake kallo, ban taɓa duban ƙafar ba.