Bindigar Modibbo a Hannun Ƙasimu Maƙeri

Ranar wuni aka yi ana yayyafi, irin na marka da ke hana gawayi kamawa. Ƙasimu maƙeri yana zaune a maƙerarsa a Tsohon Birnin Gwari, sai ga Modibbo, wani dattijon makiyayi abokinsa tun na samartaka, da abu naɗe cikin buzu.

Ƙasimu a gyaran bindigogin mafarauta ya tsufa, amma bai taɓa riƙe irin wannan ba. Ƙirar Faransa ce, kakan Modibbo ya zo da ita daga Damagaram. An yi mata zanen ganyaye da azurfa, ga kare yana bin barewa, har gashin wutsiyarsa ana gani.

"Kunamar harbin ce ta cije," in ji Modibbo. "Ba harbi zan yi ba. Ɓarayi sun kore shanun, ita kaɗai zan bar wa ɗana Bakoji."

"Ka san zamanin. In aka ga bindigar Bafulatani a hannuna, cewa za a yi mutanen daji nake wa aiki."

"To ƙera mini fartanya, tsoho, in koma noma."

"Kai da ba ka san gero daga ciyawa ba? Ajiye ta nan."

Matarsa Talatu ta ce ya mayar wa mai ita, amma ya kama aiki. A hankali ya gyara, yana goge azurfar da toka da lemun tsami.

To, gidansu akwai ƙa'ida: maƙeri ba ya miƙa bindiga sai ya harba ta da kansa, in fashewa za ta yi ta fashe a hannunsa. Da hantsi ya fita bayan gari, ya ɗura, ya harba sama. Mata suka watse daga rijiya, manoma suka yar da garma, 'yan sa-kai suka iso a kan babura.

"Baba, ta wa ce wannan?"

Ƙasimu ya san abin da zai sami rugar Modibbo in ya faɗi suna.

"Ta gyara ce," in ji shi.

Suka juya tambayar, bai ƙara ba. Suka tafi da bindigar. Daga nan magana ta zaga gari, mafarauta suka daina kawo aiki, wasu ko gaisuwarsa ba su amsawa.

Yanzu Ƙasimu ya rufe maƙerar, yana sabon garin Birnin Gwari, gidan 'yarsa Zakiyya, yana wasa wuƙaƙe da lauje a bakin kasuwa.